Tantance masu amfani da foldar tarayya a kwamfutocin ofis

Tantance masu amfani da foldar tarayya hanya ce da na'urar da ke ajiye fayilolin ofis take bi ta tabbatar da ko wane ne yake neman buɗe su ta hanyar sadarwar cikin gida, kafin ta ba shi dama ko ta hana shi. Foldar tarayya folda ce da ke zaune a kan kwamfuta guda, wadda ake kira sabar ko uwar garke, amma sauran kwamfutocin ofis suna ganinta kamar a cikinsu take. Lamarin yana da sauƙi idan kowane ma'aikaci yana da kwamfutarsa. Yana ƙara wahala inda mutane da yawa suke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙananan ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a birane irin su Zariya, domin sabar ba ta ganin mutumin da ke zaune a kujera, asusun da aka shiga da shi kawai take gani.

Ma'anar kalmomi

Masana harkar kwamfuta suna bambanta abubuwa biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne tantancewa, wato amsa tambayar "wane ne kai?". Na biyu shi ne izini, wato amsa tambayar "ina aka yarje maka ka shiga?". Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya yana nuna wannan bambanci sarai. Baƙo yakan yi sallama a ƙofar gida ya faɗi sunansa, a gane shi, a shigar da shi zaure, amma gane shin da aka yi bai ba shi damar wucewa cikin gida ba. Akwai abu na uku da ke bin waɗannan biyu, wato ajiye tarihin wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Shi kuwa ba ya da amfani sai na farkon ya inganta.

Kalmar "tantancewa" a Hausa ta fi faɗi fiye da yadda ake amfani da ita a nan, domin ana tantance 'yan takara da maniyyata aikin Hajji da ma'aikatan gwamnati. Wasu masu fassara sun fi son "tabbatarwa". A wannan maƙala an ɗauki ta farko saboda ita ce ke ɗauke da ma'anar ware na gaskiya daga na bogi.

Tarihi

Yawancin foldojin tarayya a ofisoshi suna aiki ne da ƙa'idar sadarwa mai suna SMB. Barry Feigenbaum ne ya tsara ta a kamfanin IBM a shekarar 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya gina ta a cikin LAN Manager da kuma Windows. A 1996 kamfanin ya sake mata suna CIFS, sunan da har yau ake gani a umarnin Linux. SMB 2 ta fito tare da Windows Vista a 2006, SMB 3.0 mai iya ɓoye bayanan da ke tafiya a waya ta fito a 2012 tare da Windows 8, sannan SMB 3.1.1 ta zo da Windows 10.

A ɓangaren Unix, kamfanin Sun Microsystems ya fitar da NFS a 1984. Tsohon salonta yana yarda da lambar mai amfani da kwamfutar ma'aikaci ta aiko ba tare da neman hujja ba, saboda haka duk wanda ya mallaki ikon gudanarwa a kwamfutarsa yana iya zama kowa. A 1992 Andrew Tridgell, ɗalibi a birnin Canberra na ƙasar Ostireliya, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ke ba Linux damar magana da harshen SMB. Akwatunan ajiya na ofis irin na Synology da QNAP da Samba suke raba foldojinsu.

A farkon zamanin Windows, kalmar sirri a kan folda take, ba a kan mutum ba: duk wanda ya san ta ya shiga. Windows NT ne ya tabbatar da tsarin da kowane mutum yake da nasa asusu. An daɗe da cire tsohon tsarin daga manhajoji, amma ɗabi'arsa ba ta mutu ba, domin ofishin da ma'aikata goma suke amfani da asusu ɗaya ya koma wancan zamani ne ta bayan gida.

Yadda tantancewa take gudana

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce NTLM, wadda ta zo da Windows NT a 1993. A wannan hanya kalmar sirri ba ta tafiya a waya. Sabar tana aiko da wata lamba ta ƙalubale, kwamfutar ma'aikaci ta sarrafa ta da wani sakamakon lissafi da aka ciro daga kalmar sirrin, wanda ake kira hash, ta mayar da amsa. Idan amsar ta dace da abin da sabar take tsammani, sai ta buɗe. Rauninta shi ne wanda ya saci hash ɗin ba ya buƙatar sanin kalmar sirrin kanta, dabarar da Paul Ashton ya bayyana tun 1997. Wannan ya fi haɗari a kwamfutar karɓa-karɓa, inda mutum guda mai ikon gudanarwa zai iya tono na waɗanda suka shiga tare da shi. Microsoft ya sanar a 2024 cewa ya daina bunƙasa NTLM, ko da yake har yanzu tana aiki.

Ta biyu ita ce Kerberos, da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, aka laƙaba mata sunan kare mai kai uku da ke gadin ƙofar lahira a tatsuniyar Girkawa. Siga ta 5 ta fito a 1993, kuma ita ce ginshiƙin Active Directory tun Windows 2000. A nan ana da wata sabar ta uku da kowa ya amince da ita. Ma'aikaci yana shiga sau ɗaya, a ba shi tikiti, wanda bisa tsarin asali na Windows yake aiki awa 10. Duk lokacin da ya nufi wata folda, kwamfutarsa tana amfani da wannan tikiti ta karɓo wani ƙarami na wannan sabar kaɗai. Ba a sake tambayarsa kalmar sirri, kuma idan ya fita daga asusunsa tikitin ya tafi da shi. Sharaɗinta shi ne agogon na'urorin su daidaita: bambancin da ya wuce minti 5 yana sa a ƙi tikiti.

Matsalar kwamfutar karɓa-karɓa

A ofishin da ke da kwamfutoci uku da ma'aikata tara, abin da aka fi gani shi ne kowace kwamfuta tana da asusu ɗaya na Windows, sau da yawa ba ma kalmar sirri, kuma kowa da shi yake aiki. Idan akawu ya zo da safe ya buɗe foldar albashi, sabar za ta tambaye shi suna da kalmar sirri. Da ya ba ta, Windows yana riƙe wannan haɗi a buɗe muddin ba a fita daga asusun ba. Rufe tagar folda ba ya yanke shi nan take. Idan ya tashi zuwa sallar Azahar wani ya zauna, sabon mutumin zai shiga foldar albashi da sunan akawu, ba tare da an tambaye shi komai ba. Idan kuma akawun ya taɓa danna akwatin "tuna da bayanaina", kalmar sirrinsa ta shiga ma'ajiyar Credential Manager, kuma ko an kashe kwamfutar an kunna tana nan.

Sai kuma akasin haka. Wanda ya zauna na biyu yana iya son ya shiga da nasa suna, Windows ya hana shi. Dalili kuwa shi ne Windows ba ya yarda asusu ɗaya ya haɗu da sabar ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, kuma yana nuna kuskure mai lamba 1219. Masu gyara sukan warware shi da umarnin net use * /delete, wanda ke yanke duk haɗin da ke buɗe, da kuma cmdkey /list da cmdkey /delete don gogewa daga ma'ajiya. Wasu suna zagayawa ta hanyar kiran sabar sau ɗaya da sunanta, sau ɗaya da lambar IP ɗinta, domin Windows yana ɗaukarsu a matsayin wurare biyu. Wannan dabara tana aiki, sai dai tana barin asusun mutum biyu a buɗe a tebur ɗaya, wato ta ninka matsalar da ake son magancewa.

Illar ba ta tsaya ga tonon asiri ba. Windows yana iya rubuta kowace shiga a kundinsa: lamba 4624 shiga ce da ta yi nasara, 4625 wadda aka ƙi, 5140 buɗe foldar tarayya. Samba ma tana da irin wannan ta full_audit. Amma kundin suna yake rubutawa. Idan aka canza makin ɗalibi ko aka goge fayil na biyan kuɗi, sunan da zai fito shi ne na wanda ya bar haɗinsa a buɗe, ko da yana gida a lokacin. Idan kuwa asusun na kowa da kowa ne, kundin ba ya nuna kowa, zargi ya faɗa kan wanda ya fi rauni a ofis, galibi mai buga takardu ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki. Saboda haka asusun kai yana kare mai gaskiya kamar yadda yake kare fayil.

Hanyoyin tsarawa

Maganin asali guda ne: kowane mutum ya shiga kwamfutar da nasa asusu, kuma foldar tarayya ta bi wannan shiga. Bambancin hanyoyi yana ga inda ake ajiye asusun.

A tsarin rukunin aiki babu cibiya. Ana buɗe wa ma'aikaci asusu a kan sabar, a kuma buɗe masa irinsa, suna ɗaya kalmar sirri ɗaya, a kowace kwamfutar da yake zama. Windows zai miƙa bayanansa ga sabar da kansa. Wannan ya ishi ofis mai mutum biyar ko shida. Da zarar an haura haka wahala ta fara, domin ma'aikata tara a kwamfutoci uku da sabar ɗaya asusu 36 ke nan, kuma canza kalmar sirri ɗaya yana nufin zagaya na'ura huɗu. Ban da haka, Windows na tebur da aka mayar sabar ba ya karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda.

A tsarin domen ana ajiye duk asusu a wuri guda, a kan sabar da ake kira mai kula da domen. Ma'aikaci yana iya zama a kowace kwamfuta ya shiga da sunansa, foldojinsa su bayyana, kuma rufe asusunsa sau ɗaya ya rufe ko'ina. Ana yin haka da Windows Server, wanda ake biyan lasisinsa, ko da Samba, wadda tun siga ta 4.0 ta Disamba 2012 take iya wannan aiki kyauta. Abin da kan kawo cikas shi ne Windows nau'in Home ba ya shiga domen, sai Pro ko Enterprise ko Education, alhali kwamfutoci da yawa da ake saya a kasuwa da Home suke zuwa.

A kwamfutocin Linux kuskuren da aka saba shi ne rubuta suna da kalmar sirri ɗaya a fayil, a haɗa foldar tun lokacin kunna na'ura ta /etc/fstab, wanda ke sa kowa ya shiga da wannan suna. Zaɓin multiuser na mount.cifs, haɗe da Kerberos ko cifscreds, yana sa kowane mai amfani ya gabatar da nasa bayani, pam_mount kuma tana haɗa foldar mutum idan ya shiga ta cire ta idan ya fita.

Asusun baƙo, mai buɗe folda ba tare da kalmar sirri ba, yana kan hanyar ƙarewa. Daga siga ta 1709 ta Windows 10, nau'in Enterprise da Education sun daina yarda da shi kai tsaye, kuma a wannan sigar ce aka fara daina girka SMB 1 a sababbin kwamfutoci. Hakan ya biyo bayan harin WannaCry na watan Mayu 2017, wanda ya bi ta wani rauni a SMB 1 ya shiga ƙasashe fiye da 150. Tsofaffin injinan fotokwafi masu aika sikanin zuwa folda sukan daina aiki saboda wannan sauyi, kuma sake kunna SMB 1 domin su shi ne mafi munin mafita.

Izini

Bayan tantancewa, Windows yana duba izini a matakai biyu, na rabon folda da na tsarin fayil na NTFS, kuma wanda ya fi tsauri shi ke rinjaye. Shawarar da aka fi bi ita ce a ba rukuni izini, ba mutum ba: rukunin akanta, rukunin jarrabawa, rukunin gudanarwa. Idan aka yi wa ma'aikaci canjin sashe, a cire shi daga wancan a sa shi a wannan.

A Zariya

Zariya tana da ɓangarori biyu a wannan fanni. A gefe guda akwai manyan cibiyoyi masu ma'aikatan kwamfuta na dindindin, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, wadda cibiyarta ta kwamfuta a Samaru take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A ɗaya gefen akwai ƙananan wurare a cikin ganuwa da kewayenta, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, da Tudun Wada da Sabon Gari: makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, ofisoshin lauyoyi da shagunan buga takardu. A irin waɗannan kwamfutoci ba su da yawa, kuma mai gyara daga waje ake kiransa idan abu ya lalace. Shi yake tsara foldar, kuma sau da yawa shi kaɗai ya san kalmar sirrin mai gudanarwa, ko da shekaru sun wuce bai sake zuwa ba.

Wutar lantarki tana shiga cikin lamarin kai tsaye. Idan mai kula da domen ya mutu saboda an ɗauke wuta, Windows yana barin mutum ya shiga kwamfutarsa da bayanan da ya adana, waɗanda bisa tsarin asali na mutum 10 na ƙarshe ne, amma ba zai sami sabon tikitin buɗe folda ba. Tsofaffin kwamfutoci na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, sukan zo da ƙaramin batirin agogo da ya gaji, ta yadda kowace ɗaukewar wuta take mayar da agogonsu baya. Idan hakan ya sami sabar, Kerberos ta ƙi kowa, ma'aikata su yi zaton kalmar sirrinsu ce ta lalace. Ɗora sabar da na'urar haɗa wayoyi a kan inbata ko sola, da sauya batirin, yana kawar da mafi yawan wannan. Inda aka gaza, mutane suna komawa ga filashi da WhatsApp, waɗanda ba su da izini kuma ba su da kundi.

Yawan sauyin ma'aikata shi ma dalili ne. Masu yi wa ƙasa hidima shekara guda suke yi, ɗaliban SIWES kuwa watanni kaɗan, kuma su ne galibi ake ɗora wa aikin kwamfuta. Asusun domen yana da gurbin ranar ƙarewa, wanda za a iya cikewa tun ranar da aka buɗe shi. Akwai kuma al'adar kunya: ƙaramin ma'aikaci ba ya iya hana na gaba da shi kalmar sirrinsa, kuma kulle allo a gaban abokin aiki yana iya zama kamar rashin yarda. Shi ya sa kullewar da kwamfuta take yi da kanta bayan 'yan mintuna ta fi aiki a kan tunatar da mutane su danna Windows da L, domin ba a jin haushin na'ura.

Sunayen Hausa da haruffa masu ƙugiya

Sunan asusu na tsohon salo a domen ba ya wuce harafi 20, kuma dole ya bambanta da na kowa. A ofishin da ake da Muhammad uku da Aisha biyu, kuma kowanne yana rubuta sunansa ta hanya dabam, Muhammad ko Mohammed ko Muhammadu, amfani da lambar ma'aikaci ko haɗa ta da suna ya fi tsabta. Alamar hamza a sunaye irin su Sa'adu da Rabi'u Windows yana karɓarta, amma miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya haruffa biyu ne dabam a wurin kwamfuta, ko da ido bai bambanta su ba.

Haruffa masu ƙugiya suna da gurbinsu a Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar U+01B4. Windows na yanzu yana sarrafa kalmar sirri da Unicode, don haka ana iya sa su a ciki, kuma Windows yana da allon rubutu na Hausa. Matsalar ita ce allon shiga na kwamfutar karɓa-karɓa yakan kasance na Turanci, injin fotokwafi kuma ba shi da waɗannan haruffa kwata-kwata. Mutum zai iya tsara kalmar sirri da ƙ a kwamfuta ɗaya ya kasa rubuta ta a ta kusa. Doguwar jimla ta kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, babu ƙugiya, ta fi sauƙin tunawa da wahalar cinka. Karin magana sananne bai dace ba, tun da duk ofis ya san ƙarshensa. Hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawara tun 2017 cewa tsawon kalmar sirri ya fi muhimmanci, kuma a daina tilasta canza ta lokaci-lokaci sai idan akwai alamar ta fita.

Doka a Najeriya

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfuta ko hanyar sadarwa ba tare da izini ba. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, kuma ta buƙaci a sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ofishin da ke son cika wannan sharaɗi yana buƙatar sanin wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe shi, kuma kundin sabar ba ya iya ba da wannan amsa sai kowane ma'aikaci da nasa asusu ya shiga.